Ido ba mudu ba: shekara biyu da na yi a kwas ɗin harkar gidaje da filaye

Shekara bakwai na yi ina aiki a wani ƙaramin kamfanin kula da gidaje kafin in koma aji. Aikina karɓar haya, rakiyar masu neman gida su duba, kiran mai gyaran famfo, da raba faɗa tsakanin ɗan hayan sama da na ƙasa idan ruwa ya yi yoyo. A cikin shekarun nan idona ya goge. Ina shiga gida, kafin in gama zagaya ɗakuna na riga na yanka masa kuɗi a zuciya, kuma da wuya in yi nisa da abin da za a sayar da shi. Maigidana yakan yi alfahari da ni a gaban baƙi, ya ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima.

Ranar da wannan kirari ya daina yi min daɗi, wani mai gida ne da muke kula masa da bene mai hawa uku ya so ya jinginar da shi a banki. Aka tura ni da takarda ɗauke da adadin da muka ga ya dace. Ma'aikaciyar bankin ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wace hanya kuka bi kuka iso wannan adadi?" Na ce haka ake sayar da irinsa a wannan yanki. Ta ce wanne aka sayar, yaushe, murabba'in mita nawa ne, haya nawa yake kawowa, kuma shekara nawa suka rage a yarjejeniyar 'yan hayar da ke ciki? Na yi tsuru-tsuru. Bayan mako biyu mai ƙiyasin da bankin ya ɗauko ya kawo rahoto mai shafi 14, adadinsa kuma bai yi nisa da nawa ba. Shi aka biya, shi aka yarda da maganarsa. Ni kuwa ko sunana bai shiga fayil ba. A wannan watan na fara neman makaranta.

Da na shiga bincike sai na ga kwasa-kwasan nan ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai tsarin Birtaniya, wanda ya taso daga sana'ar safiyo, ya fi karkata ga ƙiyasin kadara da dokar filaye da kula da gine-gine. A wannan ɓangare za ka ji sunan jami'ar Reading da sashen tattalin arzikin filaye na Cambridge. Akwai kuma tsarin Amurka, inda galibi makarantun kasuwanci ne ke koyar da shi, gini kuma a wurinsu wajen ajiye jari ne kamar hannun jari. Jami'ar MIT ta buɗe cibiyarta ta wannan fanni a 1983, ta Wisconsin kuma ta riga ta shiga harkar da daɗewa. Jami'o'in Singafo da Hong Kong ma suna da sassa na musamman. Ba ɗaya daga cikin waɗannan na shiga ba, kuma ba zan kama sunan tawa ba, domin akwai ƙorafi a bakina. Digiri na biyu ne na masu aiki, daga 2022 zuwa 2024: lacca ta intanet sau biyu a mako da yamma, haɗuwa ido da ido na mako guda a kowane zango, darussa takwas, sai kundin bincike a ƙarshe. Tsarin Birtaniya yake bi, kuma RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyo da masu ƙiyasin kadara ta Birtaniya, ta amince da shi. Wannan amincewa ita ce ta sa na zaɓe shi, zan kuma dawo kanta.

Darasin ƙiyasi shi ne ƙashin bayan kwas ɗin, shi kaɗai ma ya isa in ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Malamin dattijo ne da ya yi shekaru yana wannan aiki kafin ya koma koyarwa. Mako biyu cur ya kwashe a kan jimla ɗaya, wato ma'anar darajar kasuwa kamar yadda ƙa'idojin ƙiyasi na duniya suka tsara ta: adadin da ake ƙiyasta za a yi musayar kadara a kansa a ranar ƙiyasi, tsakanin mai son saye da mai son sayarwa da babu wata alaƙa tsakaninsu, bayan an tallata ta yadda ya kamata, kowannensu ya san abin da yake yi, babu wanda aka tilasta. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Sai ya ce kowa ya kawo ciniki biyar da ya sani daga wurin aikinsa. Na kawo nawa da ƙwarin gwiwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Na farko mai shi bashi ne ya taso shi gaba ya sayar cikin kwana goma: an tilasta shi, ya fita. Na biyu wa ne ya sayar wa ƙaninsa: akwai alaƙa, ya fita. Na uku maƙwabci ne ya saya don ya haɗe da filinsa, ya biya abin da ba wanda zai biya: shi ma ya fita. Na huɗu ashe kuɗin da aka yi talla da shi na riƙe, ba wanda aka sallama ba. Ɗaya ya rage min. Shekara bakwai kenan ina gina hukuncina a kan irin wannan tarkace ban sani ba.

Daga nan ya raba mana abubuwa uku da nake cakuɗawa: farashi, wato abin da aka biya, daraja, wato abin da kasuwa za ta biya, da kuma abin da kadara ta kai a wurin wani mutum guda saboda buƙatarsa. Yawancin gardamar da na taɓa yi da masu gidaje, ashe kowannenmu wani daban yake nufi.

Hanyoyin ƙiyasi biyar aka koya mana. Ta kwatanci ita ce wadda kowane dillali ke yi da ka, bambancin kawai a nan sai ka rubuta dalilin kowane ƙari da ragi. Hanyar riba ta otal ce da gidan mai da makamantansu, inda darajar gini ke rataye da cinikin da ake yi a ciki. Hanyar kuɗin sake gini kuwa ta gine-ginen da ba a cika sayarwa ba ce, kamar asibiti ko makaranta: nawa za a kashe a gina irinsa yau, a cire tsufa, a ƙara kuɗin fili. Waɗannan an taɓa su an wuce. Inda aka zauna sosai shi ne hanyar haya da hanyar ragowa, kuma su biyun ne suka sauya min tunani.

Ɗauki shagon da ke kawo haya 100,000 a shekara bayan an cire ɗawainiya, ko da wane irin kuɗi kake lissafi. Idan masu zuba jari sun gamsu da kashi 5 cikin 100 a shekara, shagon ya kai 2,000,000, wato hayar shekara 20. Idan suka ce sai kashi 6, ya koma wajen 1,667,000. Shago bai motsa ba, fenti bai kwaile ba, ɗan haya bai fasa biya ba, amma kashi ɗaya cikin shida na darajarsa ya tafi. Idan ya kai kashi 8, sai 1,250,000. Muna cikin wannan darasi ne babban bankin Amurka ke ta ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a tsakiyar 2023, darajar manyan ofisoshi a biranen duniya na ta zubewa, ga kuma ma'aikata da suka saba aiki daga gida tun lokacin korona. Malam yakan buɗe lacca da labaran ranar, ya ce mu fito da kalkuleta. Ban taɓa ganin darasi da duniya ta taya malami koyarwa kamar wannan ba.

Hanyar ragowa ta masu sayen fili don su gina ce. A ce idan an gama ginin za a sayar da shi 1,000. Gini da kuɗin ƙwararru da ruwan bashi za su ci 650, mai aikin yana son ribar 150. Abin da ya rage, 200, shi ne iyakar abin da ya kamata a biya kuɗin fili. To bari siminti da rodi su tashi, kuɗin aiki ya ƙaru da kashi 10, wato 65. Fili ya koma 135. Ƙarin kashi 10 a wuri ɗaya ya cinye kusan sulusin darajar fili. Na tuna wani abokin hulɗarmu da ya sayi fuloti da tsada don kawai na kusa da shi an sayar haka, ya kai gini linta kuɗi suka ƙare, kango ya shekara huɗu yana shan rana. Da an yi masa wannan lissafi na minti goma da bai shiga ba.

Akwai wata rana a makon haɗuwa da ba na mantawa. An raba mu rukuni huɗu, an ba kowanne na'urar awo ta leza, aka ce mu auna hawa ɗaya na ginin sashen. Muka dawo da amsa huɗu. Wasu sun haɗa da kaurin bango, wasu sun cire matakala da banɗaki, wasu sun lissafa baranda. Babu wanda ya yi kuskuren awo, kowa dai da abin da ya ɗauka gini. Tunda haya a manyan gine-gine da murabba'in mita ake yanka ta, wannan bambanci kuɗi ne tsababa. Dalilin da ya sa kenan ƙungiyoyin ƙwararru suka haɗu a 2013 don fitar da ma'auni ɗaya na duniya. Tun daga ranar ba na karɓar girman gini daga bakin kowa sai na tambayi me aka haɗa, me aka cire.

Darasin kuɗi da zuba jari kuwa ya ba ni kashi. Na faɗi gwajin farko, ba kunya zan faɗa. Wanda zai shiga irin wannan kwas ya sani cewa rabinsa a cikin manhajar lissafi ta Excel zai ƙare, yana jera hayar shekara goma masu zuwa, yana cire watannin da gida zai zauna ba kowa da kuɗin gyara, yana dawo da kuɗin gobe zuwa darajarsu ta yau. A takardar tallan kwas ɗin an rubuta cewa ba a buƙatar ƙwarewa a lissafi. Wannan magana da gyara. Ba a buƙatar lissafin injiniyoyi, gaskiya ne, amma wanda ya manta kaso da ninkin ruwa zai sha wuya, kuma ba wanda zai tsaya jiransa. Wata abokiyar karatunmu akanta, Allah ya saka mata, ita ta riƙa zama da mu uku ta intanet ran Asabar har muka miƙe. Da makarantar ta ware mako biyu na share fage kafin a fara, da ba a rasa mutum biyun da suka ajiye a zangon farko ba.

Amma da na fahimta, a nan na ga yadda bashi ke wasa da mutane. Ka sa 20 naka, ka ranto 80, ka sayi gida 100. Ya tashi da kashi 10, ka ci rabin jarinka riba. Ya faɗi da kashi 10, rabin jarinka ya tafi. Ya faɗi da kashi 20, ba ka da komai a gidan sai makulli. Da wannan ɗan lissafi malamar ta warware mana rikicin 2008, yadda aka riƙa ba mutanen da ba su da ƙarfin biya bashin sayen gida a Amurka, aka dunƙule basussukan aka sayar wa duniya, har bankin Lehman Brothers ya durƙushe ran 15 ga Satumba na wannan shekara. A nan kuma na fara sanin kamfanonin da ake kira REIT, waɗanda Amurka ta kafa dokarsu a 1960 domin mai ƙaramin ƙarfi ya sayi hannun jari a manyan gine-gine, da sharaɗin su raba aƙalla kashi 90 na ribar da ake yanka wa haraji ga masu hannun jari.

Abin da ya fi burge ni a darasin tattalin arziki shi ne bayanin dalilin da ya sa manyan gine-gine ke yawan kammaluwa a mummunan lokaci. Ana yanke shawarar gini ne lokacin da haya ke sama kowa na murna, gini kuma yana cin shekaru, kafin a gama kasuwa ta juya. Benen Empire State na New York an buɗe shi a 1931 ana tsakiyar karayar tattalin arziki, ya daɗe yawancin ofisoshinsa ba kowa. Kamfanin Olympia and York da ya gina rukunin manyan ofisoshi na Canary Wharf a Landan ya karye a 1992. Burj Khalifa na Dubai an buɗe shi a Janairun 2010, bayan farashin gidaje a birnin ya rikito. Sauran darasin, wato David Ricardo da bayaninsa na 1817 cewa tsadar amfanin gona ce ke jawo tsadar hayar gona ba akasin haka ba, da von Thünen na 1826, da William Alonso na 1964 a kan yadda haya ke raguwa gwargwadon nisa daga tsakiyar gari, ya yi daɗin ji, sai dai an ja shi fiye da kima. Mako uku zai ishe shi, aka ba shi zango.

To ba nan gizo ke saƙa ba.

Babban ƙorafina shi ne kwas ɗin ya ɗauka bayanai suna nan a zube. Kowane aikin gida da aka ba mu yana zuwa da tebur mai tsabta: ciniki goma, ranakunsu, girmansu, hayarsu. Kai dai ka zaɓa ka lissafa. A wurin aiki kuwa samo waɗannan lambobi shi ne kashi uku cikin huɗu na wahala. Mai saye ya ɓoye abin da ya biya, mai sayarwa ya ƙara gishiri, dillali ya faɗi abin da zai jawo masa ciniki na gaba, abin da aka rubuta a takarda kuma wani lokaci don haraji aka rubuta shi. A ajinmu akwai mutane daga ƙasashe da dama, kuma fiye da rabinmu a irin wannan kasuwa muke aiki. Na ɗaga maganar a lacca, na ce, "Malam, idan babu ciniki ko ɗaya da zan iya tabbatarwa fa?" Ya ce in bayyana rashin tabbas a rahoto. Amsar daidai ce, amma ba ta koya min yadda zan tatsi gaskiya daga bakin mutum uku masu saɓani ba. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Darasin shari'a ma haka. An koya mana bambancin mallaka ta dindindin da mai wa'adi, haƙƙin wucewa ta filin wani, sharuɗɗan yarjejeniyar haya, da tsarin rajistar filaye da Robert Torrens ya kawo a Kudancin Ostireliya a 1858, inda abin da ke cikin rajistar hukuma shi ne hujjar mallaka, ba tarin tsofaffin takardu ba. Duk na ƙaru da su. Sai dai dokar ƙasa ɗaya ce aka bi daki-daki, kuma doka ba ta tsallake iyaka. Wanda zai yi aiki a wata ƙasa sai ya koma ya karanci tasa daga tushe. Ba laifi ba ne a koyar da doka ɗaya, laifin shi ne a tallata kwas da sunan na duniya ba a faɗi wannan a fili ba. Haka nan hanyoyin sayen gida da ba ruwa a ciki, kamar ijara da murabaha da musharakar da kason banki ke raguwa a hankali, shafi biyu aka ba su a duk shekara biyun, alhali bankuna a Malesiya da ƙasashen Larabawa suna aiki da su, Birtaniya ma ta gyara dokar harajinta a 2003 don kada a caji mai irin wannan ciniki sau biyu. Da na zaɓi batun a kundin bincikena, sai da aka yi wata guda ana neman wanda zai duba ni.

Gini kansa, wato bulo da rodi da kwano, shi ne marayan kwas ɗin. Darasi ɗaya tal, yawancinsa hotuna. An nuna mana tsagewar bango iri-iri a allo, wadda ke nuna harsashi na nutsewa da wadda ta filasta ce kawai, amma sau ɗaya aka kai mu wurin da ake gini, muka tsaya nesa da hular kwano muna kallo. A nan ni na fi 'yan ajin da yawa, domin na san warin ɗakin da danshi ya kama ko da an shafe shi da sabon fenti, na san in ɗaga kai in dubi silin kafin in dubi tayil. Akwai wanda ya fi kowa maki a ajinmu, amma da muka shiga wani tsohon gini bai lura ƙofofin hawa na biyu duk sun daina rufuwa daidai ba. Mutum irin wannan zai iya jera lissafin shekara goma a kan ginin da ba zai kai shekara biyar ba.

Ciniki kuwa, wato zama da mutum a karanci fuskarsa, a san lokacin yin shiru da lokacin tashi a tafi, ba a koyar da shi ko kaɗan. Wanda ya zo don ya iya sayar da gida ya yi ɓatan kai.

Sai ƙananan abubuwa masu cin rai. Wasu laccocin da aka naɗa tsofaffi ne, malami na maganar kuɗin ruwa kamar har yanzu yana ƙasa. Manhajar ARGUS, wadda manyan kamfanoni ke amfani da ita wajen lissafin gine-ginen kasuwanci kuma ake tambaya a tallan aiki, kwana biyu aka ba mu a kanta, lasisin ya ƙare kafin hannu ya faɗa. Aikin rukuni da mutanen da agogonsu ya bambanta da naka da awa bakwai azaba ce, kuma a kowane rukuni sai an sami mai hawa motar kwaɗayi, sunansa a bango, hannunsa ba ya ciki. Sakamakon wani aikin gida ya yi mako bakwai bai fito ba, har muka miƙa na gaba muka maimaita kuskure iri ɗaya. Ofishin taimaka wa ɗalibai samun aiki kuwa 'yan shekara 22 masu neman shiga manyan kamfanoni ya sani. Da na je da tambayar mai shekara bakwai a ƙaramin kamfani, gyaran takardar neman aiki kawai aka yi min.

Darasin ɗa'ar sana'a na shiga ina hamma, na fito jikina a sanyaye. Malamar ba ta yi wa'azi ba. Ta ce a ɗauka wanda ya ba ka aiki yana buƙatar ƙiyasi ya kai wani adadi don banki ya ba shi bashi, lissafinka kuma bai kai ba, kuma shi ne ke kawo rabin aikin ofishinku. Me za ka yi? Wani ya ce ai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ta ce to wa zai dogara da rahoton, shi ko bankin? Idan gidan ya kasa biyan bashin, sunan wa ke ƙasan takardar? Daga nan ta shiga bayanin inshorar da masu ƙiyasi ke yanka saboda ƙarar sakaci, da ƙa'idojin RICS da ake kira Jan Littafi, da wajibcin bayyana duk wata alaƙa da kake da ita da kadara ko mai ita. Na tuna sau nawa a baya aka ce min "ɗan ɗaga shi kaɗan" na ɗaga ban ji komai ba.

Game da RICS ɗin, ga abin da ya kamata mai niyya ya sani tun kafin ya biya ko sisi. Ƙungiyar an kafa ta a Landan a 1868, kuma digirin da ta amince da shi ba ya mai da kai ƙwararre mai lasisi. Ƙofa kawai yake buɗewa. Bayansa akwai horo a ƙarƙashin wanda ya riga ka, wata 24 ga wanda bai kai shekara biyar da aiki ba, wata 12 ga wanda ya kai biyar amma bai kai goma ba, kana rubuta abin da ka yi, sannan ganawar awa guda da kwamitin da zai yi maka tambayoyi. Ƙasashe da yawa kuma suna da hukumominsu na rajistar masu ƙiyasi ko dillalai, da nasu sharuɗɗa. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kowace jami'a ita ce wace ƙungiya ta amince da wannan kwas ɗin, kuma hukumar inda za ka yi aiki ta san da ita? Ka duba a shafin ƙungiyar da kanka. Tambaya ta biyu, malamai nawa ne suka taɓa sa hannu a rahoton ƙiyasi da sunansu? A namu uku ne cikin takwas, kuma darussan ukun nan su ne nake amfani da su yau.

Wanda yake son aikin ƙiyasi, ko sashen ba da bashi na banki, ko kamfanin zuba jari, ko kula da manyan gine-gine, ina ba shi shawara ya yi, musamman idan ya riga ya taɓa aikin ko da shekara biyu ne. Na lura waɗanda suka zo kai-tsaye daga digirin farko sun fi mu saurin lissafi, amma ba su da abin da za su rataya shi a kai; idan Malam ya ce ɗan haya ya daina biya, su lamba suke gani, mu kuwa fuska muke tunawa. Wanda kuma dillanci yake yi yana jin daɗin la'adarsa, gajeren kwas na wata uku a kan ƙiyasi da Excel zai ba shi yawancin abin da zai amfane shi, ya huta da kundin bincike. Nawa kundin ya cinye min wata bakwai da hutun shekara guda, kuma in ban da mai duba ni da matata ban san wanda ya karanta shi ba.

Yanzu ina wata na tara a horon, a wani ofishin ƙiyasi, amma ina leƙa tsohon maigidana idan yana da aiki. Har gobe kafin in buɗe kwamfuta sai ya ce, "To, nawa idonka ya ba ka?" Na mai da abin al'adar aikina: ina fitowa daga gini sai in rubuta adadin da ido ya ba ni a 'yar takarda, in jefa a aljihun tebur, ba na dubawa sai na gama rahoto. Zuwa yanzu takardu 11 ne. A tara daga ciki, duk gidajen zama, ido da lissafi ba su yi nisa da juna ba. Biyun da ido ya kauce sosai duk shaguna ne. Ɗaya daga cikinsu sabon gini ne mai kyan gaske a bakin babban titi, ɗan haya kamfani ne mai biya a kan kari, na ba shi adadi mai tsoka tun daga bakin ƙofa. Sai da na zauna da yarjejeniyar hayar na kai shafi na 23 na ga sharaɗin da ya ba kamfanin damar tashi bayan wata 14, da sanarwar wata shida kacal, kuma hayar da yake biya ta ɗara ta maƙwabtansa da kusan kashi ɗaya cikin biyar.